Filin Lafiyar Ido: Haɗa Wankin Ido da Aikin Bayan Ido a Zama Ɗaya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata tana da shekara 63, kuma ta yi shekara 14 tana fama da ciwon sukari. Bayan babbar sallah idonta na dama ya rufe cikin kwana biyu, har ba ta iya bambance komai da shi sai haske da duhu. A asibiti an ce tana da yana, sannan jini ya zuba a bayan idon, kuma likitan ya ce zai cire yanar ya gyara bayan idon a aiki guda. Kuɗin da aka yanka mana ya ninka wanda maƙwabcinmu ya biya sau da yawa, alhali shi washegarin wankin idonsa ya fara karatun Alƙur'ani. Kawuna ya ce a yi mata wankin ido kawai tukuna a ga abin da hali zai yi. Shin haɗa aiki biyu bai yi wa ido ɗaya nauyi ba? Kuma ba dabarar ƙara kuɗi ba ce?
Daga wani malamin makaranta a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri bisa kula da ita. Ban duba idonta ba, amma bisa bayanin da ka kawo, shawarar da likitan ya ba ku sananniya ce a wurin masu aikin bayan ido, kuma ita zan fi karkata gare ta ga mai shekarunta. Shawarar Kawu ta tausayi ce, sai dai idan aka bi ta, abin da ya fi yiwuwa shi ne a kwance bandeji washegari Hajiya ta ce har yanzu duhu take gani, domin yanar da za a cire ba ita ta rufe idon cikin kwana biyu ba. Yana takan ɗauki watanni ko shekaru tana rage gani kaɗan-kaɗan. Abin da ke rufe ido farat ɗaya ga mai ciwon sukari galibi jini ne.

Haske idan ya shiga ido yakan ratsa wani madubi garai-garai da ke bayan baƙin ido, wanda faɗinsa ya kusa santimita ɗaya. Dusashewar wannan madubin ita ake kira yana. Bayan madubin akwai wani ruwa mai kauri kamar farin ɗanyen ƙwai, wanda bai cika ƙaramin cokalin shayi ba amma shi ya cike mafi yawan cikin ido. Can a bangon baya kuma akwai wani tantani siriri da likitoci ke kira retina, wanda shi ke karɓar hoto ya aika wa ƙwaƙwalwa. Wanda ya yi zamani da fitilar ƙwai zai gane misalin: yana kamar baƙin hayaƙi ce a jikin gilashi, retina kuwa ita ce lagwani, kuma duk gogar da aka yi wa gilashi ba ta gyara lagwanin da ya lalace. Ciwon sukari da ya daɗe yakan toshe ƙananan hanyoyin jini na retina, sai idon ya tsiro wasu sababbi marasa ƙwari, su kuma su fashe su zubar da jini cikin ruwan nan mai kauri. Idan abin ya yi nisa sukan bar tabo mai kama da saƙar gizo-gizo, wanda yake janyo retina har ya ɓamɓaro ta daga bango.

Ayyukan biyu ba tare suka taso ba. A 1949 ne Harold Ridley ya fara dasa madubin roba a idon mutum a Landan. A 1967 Charles Kelman na Amurka ya fito da hanyar farfasa yana da na'ura mai karkarwa a zuƙe ta ta ƙaramar kafa, wadda ake kira feko a taƙaice. A 1970 kuma Robert Machemer ya fara cire ruwan bayan ido ta wata siririyar kafa a gefen farin ido, aikin da ake kira bitirektomi. An daɗe ana yin su daban-daban, ɗaya bayan ɗaya, amma tun daga farkon shekarun 2000 da kayan aikin suka ƙara sirancewa har kaurinsu ya koma kusan rabin milimita, haɗa su a zama ɗaya ya zama ruwan dare a cibiyoyin da ke da kayan.

Dalilin farko na haɗawa shi ne likita ba ya gyara abin da ba ya gani. Mai aikin retina yana leƙa bayan ido ne ta cikin madubin nan, kuma idan akwai yana, kamar mai ɗinki ne a cikin ƙurar hunturu. Tabon da zai ɓare daga jikin retina ya fi fatar albasa siranta, kuma kuskuren da bai kai milimita ba yana iya yaga ta. Cire yanar kuma yakan ba shi damar isa can gefe-gefe, inda madubin halitta ke tare hanya saboda kaurinsa, kuma a nan ne jini da ƙananan yagewa suka fi ɓuya.

Dalili na biyu shi ne wanda iyalai ba su cika sani ba. Cire ruwan bayan ido da kansa yana gaggauta yana. Wannan ruwan yana kare madubi daga yawan iskar oksijin da ke fitowa daga jijiyoyin retina, to da zarar an kawar da shi sai madubin ya fara dusashewa da sauri, musamman idan an cika idon da iskar gas ko mai, waɗanda akan sa don su tallafe retina bayan aiki. Yawancin waɗanda suka haura shekara 50 sukan buƙaci wankin ido cikin shekara biyu bayan aikin, ko da madubinsu garau yake tun farko. Hajiya kuwa da ma tana da yanar. Idan aka bar ta, za ku dawo ɗakin tiyata ba da jimawa ba, kuma wankin ido a idon da aka riga aka cire wa wannan ruwa ya fi wuya, domin madubin ya rasa abin da yake jingina da shi ta baya, yana lilo yayin aiki, zaren da ke riƙe da shi ma ya yi rauni. Ga kuma lissafin da kai ka fi ni saninsa: kuɗin mota zuwa Kano ko Kaduna sau biyu, masauki sau biyu, gwaje-gwaje da daidaita sukari sau biyu, da neman izini a wurin aiki sau biyu.

Ga yadda abin yake a ɗakin tiyata, tunda fargabar da ba a san kanta ba ta fi yawa. Galibi allurar kashe zafi ake yi a gefen ido, mutum yana farke yana jin maganar ma'aikata, ko da yake wasu akan sa su barci. Ba a fito da ido waje a wanke shi a mayar, kamar yadda ake faɗa a zaure, kuma kalmar wankin ido ma suna ne kawai. Likita zai yi kafa ta kimanin milimita 2 zuwa 3 a gefen gilashin gaban ido, ya buɗe siririyar jakar da madubin ke ciki, ya farfasa yanar ya zuƙe, ya bar jakar a wurinta domin a cikinta madubin roba zai zauna. Sannan ya huda ƙananan kafofi uku a farin ido, kimanin milimita 3 da rabi zuwa 4 daga gefen baƙin: ɗaya ta shigar da ruwan gishiri don kada idon ya lotse, ɗaya ta fitila, ɗaya kuma ta na'urar da ke yanka tana zuƙa sau dubbai a minti guda. A hankali jan hazon nan yake yayewa har retina ta bayyana a ƙarƙashin madubin likita. Daga nan ya ɓare tabo, ya tsayar da jini, ya yi ɗige-ɗigen leza, wato ƙuna da wani haske mai ƙarfi, a wuraren da jini ba ya kaiwa domin kada su sake tsiro da miyagun jijiyoyi. A ƙarshe ya bar ruwa, ko iska, ko gas, ko man silikon a ciki, gwargwadon abin da ya tarar. Aikin yakan ci awa ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye. Wasu likitocin sukan yi wata allura a cikin idon kwanaki kaɗan kafin aiki don jijiyoyin su motse, kuma idan an yi wa Hajiya ita, kada ku ɗage ranar tiyata da kanku, saboda jinkiri bayan allurar yana iya sa tabon ya ƙara ɗaurewa ya ja retina.

Tambayarka ta nauyi tana kan hanya, kuma ba zan rufe ka ba. Idon da aka yi wa aiki biyu ya fi kumburi a makonnin farko, kuma idon mai ciwon sukari ya fi kowane saurin yin haka. Baƙin ido yana iya mannewa da sabon madubin, ƙarfin ruwan ido yana iya hawa, tsakiyar retina tana iya kumbura, jini kuma yana iya sake zuba. Jakar da aka bari takan dusashe bayan watanni, sai dai wannan gyaransa na 'yan mintuna ne da leza, ba tare da yanka ba. Awon ƙarfin madubin roba ma ba ya cika daidai idan jini ya hana na'ura ganin bayan ido, shi ya sa za a auna da na'urar sikanin, a kuma gwada da lafiyayyen idon, duk da haka tana iya buƙatar tabarau daga baya. Saboda waɗannan dalilai akwai ƙwararrun da, idan suka ga idon mai sukari ya yi tsanani ƙwarai kuma yanar ba ta hana su gani ba, sukan fi son yin aikin baya kaɗai su bar yanar sai ido ya huce. Akwai kuma masu fara cire yana, su dawo bayan mako biyu ko uku su yi na baya. Duk hanyoyi ne karɓaɓɓu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a cire yana a sallami Hajiya ba tare da shirin komawa ga jinin ba, domin wankin ido a idon da ke tsiro da sababbin jijiyoyi ba a yi masa leza ba yana iya ingiza jijiyoyin su mamaye baƙin ido, su haifar da wani nau'in hawan jinin ido mai zafi da wuyar magani.

Game da maƙwabcinku, ina roƙon ku cire shi daga lissafi tun yanzu, don kada ku ɗora wa Hajiya da likitanta tsammanin da ba nasu ba. Shi lagwaninsa lafiya lau yake, gilashi kawai aka sauya masa. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna yana ce ke jawo kashi 43 cikin ɗari na makanta ga 'yan shekara 40 zuwa sama, don haka kusan duk labarin aikin ido da ake ji a unguwa irin nasa ne, mai daɗin ƙarshe da sauri. Mafi yawan wankin ido a ƙasar nan da hannu ake yinsa ta kafa mai ɗan faɗi, da kaya masu sauƙin kuɗi, kuma yana ba da sakamako mai kyau. Aikin retina kuwa yana buƙatar na'ura mai tsada, da leza, da gas ko mai, da kayan da ake shigowa da su daga waje, yawancinsu kuma sau ɗaya ake amfani da su, ga ƙwararrunsa 'yan kaɗan ne. Daga nan bambancin kuɗin ya fito. Ganin Hajiya zai dawo ne a hankali cikin makonni ko watanni, kuma iyakarsa tana ga lafiyar da ta rage wa retina, abin da likita kansa ba zai tabbatar ba sai ya kwashe jinin ya gani. Idan ta koma gane fuskokin jikokinta, tana zuwa banɗaki ba jagora, wannan nasara ce ko da ba ta koma zura zare a allura ba.

Idan zuciyarku ba ta kwanta ba, neman ra'ayi na biyu haƙƙinku ne, kuma Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ba ta yi muku nisa ba. Ku dai tabbata wanda zai duba ta mai aikin retina ne, kuma kada neman ya ci watanni. Ku tambayi likita ko hoton sikanin ya nuna retina tana kwance ko ta ɗago, ko tsakiyarta ta taɓu, da abin da yake sa ran bari a cikin idon, da ko kuɗin ya haɗa da cire mai idan an sa. Ku kuma nemi a duba idon hagu da kyau a wannan zuwan, domin ciwon sukari ba ya zaɓen ido ɗaya, kuma leza a kan lokaci tana iya hana shi bin sahun ɗan'uwansa.

TAMBAYA: Likita barka da aiki. Shekaruna 58. An ce ina da rami a tsakiyar retina, shi ya sa nake ganin layin rubutu a karkace, kuma za a cire mini madubi a sa na roba duk da yanata kaɗan ce, sannan a sa mini gas. Na riga na biya kuɗin Umra, tafiya saura mako biyar. Zan iya yin aikin in tafi?
Daga wata 'yar kasuwa a Maraɗi.

AMSA: Hajiya barka kadai, Allah ya sa a je lafiya. Cire madubin a shekarunki daidai ne, saboda dalilin da na bayyana a sama, kuma aikin rufe irin wannan rami, wanda aka fara bayyana nasararsa a 1991, yana rufe kimanin tara cikin goma. Amma maganar jirgi ba ta da sassauci: muddin akwai gas a idonki, ba ki ba hawa jirgin sama. Iskar cikin jirgi ba ta kai ta ƙasa nauyi ba, don haka kumfar gas ɗin takan kumbura, ƙarfin ido ya hau har ya tsayar da jinin da ke ciyar da jijiyar gani, kuma ana iya rasa idon kafin a sauka Jidda. Hawa tudu mai tsayi da mota ma haka ne, irin Jos da ke sama da mita 1,200, balle tsaunin Mambila. Kuma idan wata tiyata ta taso miki a wannan tsakanin, ki gaya wa mai ba da maganin barci cewa akwai gas a idonki, domin akwai iskar sa barci da ke kumbura shi.

Tsawon zaman gas ya danganta da irinsa. Akwai mai ɓacewa cikin kimanin mako biyu, akwai mai kai mako shida zuwa takwas, saboda haka mako biyar ɗinki yana iya isa, yana iya gazawa. Za ki ga alamar da kanki: da farko komai dishi-dishi, bayan kwanaki sai ki ga wani layi yana rawa a ganinki kamar ruwa a kwalba, kullum yana sauka, har ya zama ɗan ƙwallo baƙi a ƙasa, daga baya ya ɓace. Ko ya ɓace a ganinki, likita ne zai duba ya ba ki izini. Ga kuma kifa fuska da za a iya umartarki da shi na kwanaki, wanda akan yi da matashi a kan tebur ana ɗora goshi, ga maganin ɗigawa na makonni, ga kiyaye ido daga ruwa da ƙura. A ganina ki kai wa likitanki ranar tafiyar a rubuce ku zaɓi ɗaya: ko a ɗage Umra, ko a yi aikin da zarar kin dawo. Irin wannan rami ba ya cikin masu gaggawar kwana ɗaya, amma wanda ya daɗe watanni da yawa ya fi wuyar rufewa. Man silikon yana ba da damar hawa jirgi, sai dai sai an sake shiga tiyata bayan wata uku zuwa shida a cire shi, kuma ban ga hikimar ɗaukar wannan don tafiyar da za a iya ɗagewa ba. Batun alwala da sujada a kwanakin jinya, shari'a ta yi sauƙi ga marar lafiya, ki ji iyakar da likita ya gindaya sannan ki tambayi malaminki yadda za ki yi.

TAMBAYA: Likita, ni ɗalibi ne ɗan shekara 26, ina sa tabarau mai kauri tun ina ƙarami. Na fara ganin walƙiya da baƙaƙen ɗigo, yanzu kuma kamar labule ya rufe gefen idona. An ce retina ta ɓalle. Na ce a haɗa da sa mini madubin roba in huta da tabarau, likita ya ƙi. Me ya sa?
Daga wani ɗalibi a Sakkwato.

AMSA: Ɗana, na riga na aika maka amsa ranar da saƙonka ya iso, ina maimaita ta ne don masu irin halinka. Likitanka ya yi daidai. Madubin ɗan shekara 26 yana da taushi, yana sauya kauri da kansa don ka ga allo daga nesa ka kuma ga littafi a hannunka, kuma madubin roba na yau da kullum ba ya yin haka. Idan an cire naka, wannan idon zai koma buƙatar tabaran karatu kamar na dattijo, kuma zai saɓa da ɗan'uwansa mai buƙatar tabarau mai kauri har haɗa ganin biyun ya yi maka wuya. Yana kuma ba ta saurin biyo bayan aiki ga matasa kamar yadda take yi ga manya. Sau da yawa ma a shekarunka ba a shiga cikin idon, ɗamara ta silikon ake ɗinkawa a bayan farin ido ta tura bango ya haɗu da retina. Haka ma matasa masu sikila irin ta SC, waɗanda suka fi masu SS samun matsalar retina, su ma akan yi ƙoƙarin bar musu madubinsu idan garau yake.

Abin da ya fi batun madubi muhimmanci shi ne lokaci. Idan labulen bai kai tsakiyar ganinka ba, aikin na yau ne ko gobe, domin kowace rana ruwa yana ƙara shiga ƙarƙashin retina. Idan ya riga ya kai, har yanzu kwanaki ake ƙirgawa. Kada ka jira ƙarshen jarrabawa, ka nemi takardar asibiti ka kai wa sashenku, kuma ka sa a buɗe ɗaya idon da maganin ɗigawa a duba gefunansa, saboda mai tabarau mai kauri yakan sami irin wannan rauni a idanu biyu, kuma yagewar da aka gani da wuri leza ce kawai take buƙata.